Kuɗin karo-karon layinmu: gidan mari za mu kai yaran ko Barnawa?

Sakataren_Layi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san abin ya yi magana. Ni ne sakataren kwamitin layinmu a nan Tudun Wada, Kaduna. Akwai samari huɗu da shaye-shaye ya ci ƙarfinsu, har an fara rasa tukunyar gas da wayoyi a gidaje. Magidanta sun yi karo-karo an tara ɗan abin da ya samu, amma kwamiti ya rabu biyu. Dattawanmu sun ce a kai su gidan mari a bayan gari, malam ya riƙe su har su dawo hayyacinsu, ga shi ya fi arha. Mu matasan kwamiti mun fi son asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Iyayen biyu daga cikinsu kuma sun rantse ɗansu ba mahaukaci ba ne, ba wanda zai kai shi Barnawa. Kuɗin ba zai wadaci duka huɗun a asibiti ba. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu sake zama. Me kuka gani?

Baban_Walid:
Wa alaikumus salam. Ku bi maganar dattawanku. Wannan ba ciwo ba ne, iskanci ne da rashin kwaɓa. Wa ya ɗura musu? Da ƙafarsu suka je suka saya. Yaro ya ji mari a ƙafa, ya ji bulala, ya tashi asuba ya yi karatu, za ka ga ya nutsu. Asibiti lallashi za a yi ta yi ana ba shi shayi da burodi, ya fito ya koma kango.

UmmuKhalifa:
Haba Baban Walid. Kamar ba a garin nan muke ba a 2019? A watan Satumba na shekarar 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, manya da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Duniya kaf ta ga hotunan. Bayan nan aka bi wasu gidajen a Daura da Zariya aka rufe. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can su ma gyara suke nema, kuɗi suke biya. Malam Sakatare, in kuka kai ɗan wani irin wannan wuri wani abu ya same shi, kwamitinku za a nema.

Baban_Walid:
Hajiya, don an samu ɓatagari a wasu ba shi ke nuna duka haka suke ba. Ni na san wanda aka kai, yau yana da mata da 'ya'ya da shagonsa a Kasuwar Barci.

UmmuKhalifa:
Allah ya ƙara shirya shi. Waɗanda suka fito suka fi da lalacewa fa, su wa ke ba da labarinsu?

Nas_Hauwa:
Kafin a yi nisa, Malam Sakatare, me yaran suke sha? Ba a haɗa su a kwando ɗaya. Abin da za a yi wa mai shan wiwi daban, na mai rochi daban. Kuma shekarunsu nawa?

Sakataren_Layi:
Anti, biyu tiramol ne da rochi, su ne manyan, sun haura ashirin. Ɗaya wiwi da ekzol, shi ne yanzu yake magana shi kaɗai yana cewa ana bin sa. Ƙaramin bai wuce sha biyar ba, sholisho yake shaƙa a tsumma.

Nas_Hauwa:
To alhamdu lillahi da ka faɗa. Zan ɗan tsawaita, a yi mini haƙuri.

Waɗannan biyun masu haɗa tiramol da rochi su ne na fi jin tsoron a ɗaure. Rochi, wato Rohypnol, dangin diyazefam ne, maganin barci ne mai ƙarfi. Wanda ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta jingina da shi. In aka yanke masa rana ɗaya, bayan rashin barci da karkarwa da firgita, yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, kuma wannan jijjigar tana kisa. A asibiti rage masa ake yi kaɗan-kaɗan, likita na lura. A gidan mari wa zai yi wannan? In ya faɗi cewa za a yi aljanu ne, a ƙara masa hayaƙi.

Tiramol kuma dangin kodin ne, duk gidan su ɗaya da hodar da ake kira hiroyin. Mai barinsa zai yi zawo, amai, hamma ba iyaka, hawaye da majina, ciwon ƙashi kamar ana sara, ga zufa ga jin sanyi. Wannan wahalar mafi tsananinta kwanaki ne, tana wucewa. Amma ga abin da mutane ba su sani ba: wanda aka tsare wata da watanni bai sha ba, jikinsa ya sauka daga sabon da ya yi. Ranar da ya fito, in ya koma ya haɗiye adadin da ya saba sha a da, jikin ba zai ɗauka ba, numfashi ya tsaya. Shi ya sa makonnin farko bayan fitowa daga kowace irin tsarewa, ko gidan yari ne, su ne mafi haɗari. Ɗaurewa tana raba shi da ƙwaya na ɗan lokaci, ba ta koya masa yadda zai yi ran da ya ga abokansa a bakin layi.

Na ukun da ke cewa ana bin sa, wannan ba ya jiran taron Juma'a. Wiwi mai yawa, musamman ga wanda ya fara da ƙuruciya, tana iya tayar da taɓin hankali. Ekzol kuma asalinsa maganin ciwon karkarwa ne, ana kuma ba masu shan wasu magungunan ƙwaƙwalwa don kada jikinsu ya sandare. In aka zarce da shi yana busar da baki, ido ya yi dishi-dishi, fitsari ya riƙe, mutum ya riƙa ganin abin da babu. Wanda yake jin ana farautarsa yana iya ɗaukar wuƙa don kare kansa. Ku fara da shi.

Dan_Kawo:
Anti Nas ta buɗe mana aji kyauta. A rubuta, akwai jarrabawa.

Baban_Walid:
Malama Hauwa na ji bayaninki, kuma ban raina ba. Amma ki amsa mini: wa ya sa shi ya fara? In kun ce cuta ce, gobe kowane ɗan iska zai ce shi mara lafiya ne, a daina yi masa faɗa.

Nas_Hauwa:
Baba, farawar laifinsa ne ko na abokai, ban musa ba. Mai hawan jini da ya ƙi barin gishiri shi ma da hannunsa a ciwonsa, amma ba ma ɗaure shi a turke, magani muke ba shi muna yi masa faɗa. A yi faɗan, a yi maganin.

Direban_Mando:
Ni dai gyara ɗaya zan yi wa Baban Walid. Ba kowa ne ya fara don iskanci ba. Ku zo tasha ku gani. Mai tura baro, lebura mai ɗaukar bulo, ɗan Keke Napep da ke da balas a kansa kullum, direban da zai kwana a hanya ya juyo da safe. Wani zai ce masa sha wannan, ba za ka ji gajiya ba. Gaskiya ne kuwa, satin farko ba ya ji. Daga nan guda ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai a jefa a shayi ko lemon kwalba. Akwai yaron motar da muka yi aiki tare, ƙarfi kamar doki, muna tsaye ana lodi ya yanke jiki ya faɗi yana kumfa. Ba shi da farfaɗiya a gidansu kaf. Likita ya ce tiramol ne.

Nas_Hauwa:
Haka ne Malam Direba, tiramol mai yawa shi kansa yana kawo jijjiga ko ga wanda bai taɓa yi ba. Ka yi tunanin ya same shi yana riƙe da sitiyari.

Yar_Malali:
Duk masu kemis ne suka jawo mana. Su ke sayarwa.

Mai_Kemis_Badarawa:
Hajiya a yi mana adalci. Akwai marasa tsoron Allah a cikinmu, ban ɓoye ba. Amma wanda yaran nan ke sha ba daga kantar magani mai rajista yake fitowa ba. Tramadol ɗin da NAFDAC ta yarda da shi mai miligiram 50 ne da 100, shi ma sai da takardar likita. Wanda ke yawo a unguwa 200 ne da 225 da 250, ba asibitin da ke rubuta shi, ta ɓarauniyar hanya yake shigowa, akasari daga Indiya. Yanzu ma an sauya salo. Da aka matsa wa tiramol sai ga wasu irin su Tafrodol, haɗin magani biyu ne, mai kashe zafi da mai sakin jijiya, kuma a farkon 2025 bayan wani binciken BBC gwamnatin Indiya ta haramta haɗin. Yaro zai ce maka tiramol ya sha, alhali shi kansa bai san me ke cikin katin ba. Mai sayarwa kuma ba shago gare shi ba, aljihu ne da waya. Wani mai shayi ne, wani mai facin taya, wata ma tana cikin gida da lulluɓinta.

Yar_Malali:
To benelin fa, maganin tarin nan mai kodin? Shi ma mai faci ne ke sayarwa lokacin da ake yayinsa?

Mai_Kemis_Badarawa:
Wannan kam kin kama mu. Kafin 2018 kwali-kwali ake fitar da shi.

Abu_Sumayya:
Tunda an zo nan, ni ina da ja a kan hana kodin ɗin ma. A ranar 1 ga Mayu 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, kwana ɗaya bayan BBC ta saki bincikenta. Kowa ya yi tafi. Me ya biyo baya? Kwalba ta yi tsada, mai kuɗi ya ci gaba da sha a ɓoye, talaka ya gangara kan ƙwaya, wanda bai da ko na ƙwaya ya koma sholisho da madarar sukudayi da zaƙami. An toshe kwalba, ba a taɓa abin da ke kai mutum gare ta ba.

Sannan mu daina cewa abin na 'yan iskan unguwa ne kawai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, wato kashi 14.4 cikin ɗari. Wiwi ce kan gaba da miliyan 10.6, dangin tiramol miliyan 4.6, maganin tari miliyan 2.4. Ba a ma lissafa giya da sigari a ciki ba. Gidan mari nawa za a gina wa wannan adadin?

Dan_Kawo:
Kuma duk a Arewa ko? Mu dai kullum mu ne a gaba a abin kunya.

Abu_Sumayya:
A'a, a wannan binciken Kudu maso Yamma ce ta fi, kashi 22.4. Arewa maso Yamma kashi 12. Ba abin murna ba ne, kusan mutum miliyan uku ke nan a shiyyarmu.

Yar_Malali:
Malam Abu Sumayya ka tsallake wanda ya fi damuna. Binciken nan ya ce cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Ku maza kuna ta maganar samarin layi domin su ake gani a kango. Tamu a ɗaki take, ƙofa a rufe. Matar aure da miji ya yi wa kishiya ba ta barci, ƙawa ta kawo mata abin da zai sa ta manta. Amarya a gidan biki a zuba mata a lemo wai don ta saki jiki. Bazawara da ta dawo gida kowa na harararta. Na san gidan da uwa ke kwana har azahar, 'yar shekara tara ke dafa wa ƙannenta abinci, kuma dangi sun sani, amma an ce a rufa asiri kada 'yan'uwanta mata su rasa mijin aure. Namiji in ya lalace a yi masa karo-karo. Mace in ta kamu sai saki.

UmmuKhalifa:
Wallahi kin faɗi gaskiya 'yar'uwa. Kuma in mai ciki ce, jaririn ma da sabon yake fitowa, ya yi ta tsala kuka yana karkarwa.

Alhaji_Sani_UD:
Ni shawarata ga manyan biyun, a yi musu aure. In nauyi ya hau kansu za su bari.

Yar_Malali:
'Yar wa za a ba su, Alhaji? Taka?

Dan_Kawo:
Alhaji ya fita daga zaure.

Alhaji_Sani_UD:
Ina nan. Na ga inda aka yi hakan ya yi amfani, shi ya sa na faɗa. Amma na ji, a fara magani tukuna.

UmmuKhalifa:
Shi ya sa nake goyon bayan kiran da Janar Buba Marwa na NDLEA ke yi na a riƙa gwajin ƙwaya kafin aure. Yadda muka saba da gwajin jini saboda sikila, wannan ma a saba.

Mai_Kemis_Badarawa:
Gwajin fitsari abin da aka sha kwanan nan kawai yake nunawa, Hajiya. Mai wayo zai ɗaga ƙafa kafin ranar. Binciken unguwa da iyayenmu ke yi kafin a ba da 'ya ya fi shi tona asiri.

Na_Dawo_Hanya:
Salamu alaikum. Na daɗe a zauren nan ban taɓa magana ba. Ni an kai ni duka biyun, don haka bari in faɗi abin da na gani.

A gidan malam, ba zan ce ban ƙaru da komai ba, na yi haddar da ban yi a gida ba. Amma abin da na fi koya shi ne ƙarya. Ka koyi yadda za ka sunkuyar da kai ka ce ka tuba don a cire maka mari. A can na san sunayen ƙwayoyin da ban taɓa ji ba, domin an tara mu ne daga garuruwa daban-daban, dare ya yi ba abin yi sai labari. Kuma abin yana shiga, wanda ke da kuɗi yana samu. Ran da na fito, ban kai gida ba sai da na biya wajen dila. Ga haushin mahaifina da na riƙe a zuciya, wanda ya daɗe bai sake ni ba.

Asibiti ma ba tsafi ba ne. Na fito na sake komawa ruwa. Bambancin shi ne a can an zauna da ni an tambaye ni yaushe nake sha, da wa, me ke faruwa kafin in nema. Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, kowa "me ya sa ba za ka bari ba" yake cewa. Da na koma sha, na san inda zan je in faɗa ba tare da an ɗaure ni ba, na koma da ƙafata.

Abin da ya riƙe ni a ƙarshe kawuna ne. Ya ɗauke ni daga unguwarmu ya kai ni garejinsa, ya canja mini layin waya, ba ya ba ni kuɗi a hannu sai dai ya saya mini abin da nake so. In dare ya yi ƙafafuna suna zogi barci ya ƙi zuwa, shi ke zama da ni. Malam Sakatare, in duk kuɗin kuka zuba a kwanciya, ko ta malam ko ta likita, yaran suka dawo layin nan ba aikin yi, dila na nan inda suka bar shi, kun yi asara. Ku rage wani abu na bayan fitowa.

Baban_Walid:
Allah ya ƙara tsare ka ɗana. Amma ka ga ai kai ma ka ce ka yi hadda a can.

Na_Dawo_Hanya:
Amin Baba. Na yi hadda, kuma ina a buge nake karanta ta bayan na fito.

Almajirin_Malam:
Allah ya gafarta wa iyayenmu da ke zauren. Haramcin abin maye ba mai jayayya a kai, hadisi ya tabbata cewa duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce, ko kwalba ce ko ƙwaya ko tsumma. Amma a duba yadda aka bi da al'ummar da ta saba da giya. Ba rana ɗaya aka yanke ba. Aka fara da ayar Baƙara cewa zunubinta ya fi amfaninta, sai ta Nisa'i kada a kusanci salla cikin maye, sannan ta Ma'ida ta rufe ƙofa. Kuma a Bukhari akwai mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, ba a fitar da shi daga cikin mutane ba. Sa wa mutum sarƙa wata da watanni ba alƙali ba shari'a, ban san inda aka samo shi ba. Addu'a da ruƙiyya a yi, likita ma a je, ba kishiyoyi ba ne.

Bulus_SabonTasha:
Gaisuwa ga kowa. Kada ku ɗauka ku kaɗai ne, mu ma nan kudancin gari abin ya ishe mu. Namu ma har da ƙananan ledojin giya masu arha da yara ke sakawa a aljihun makaranta. Mu ma akwai masu kai yara gidan addu'a a ɗaure su da azumin dole. Sakamakon ɗaya ne da wanda ɗan'uwa Na Dawo Hanya ya faɗa. Dila kuwa ba ya tambayar addininka, yaranmu da naku wuri ɗaya suke saye.

Tsohon_Masaka:
Ni abin da na gani da idona zan faɗa. Lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, in aka tashi daga aiki titi cika yake da kekuna, dubban mutane. Yaro ya gama sakandare ya san inda zai nufa. Masaƙar KTL ta tsaya a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan waɗannan ma'aikatan da jikokinsu su ne ke zaune a bakin kwata yau. Sai lokacin zaɓe a zo da motoci a kwashe su, a ba su abin da za su sha su yi ta ihu a bayan ɗan takara. An gama zaɓe a kira su 'yan sara-suka a ce a kama.

Abu_Sumayya:
Baba gaskiya ne, amma 'ya'yan masu kuɗi fa da ke cikin manyan gidaje a Unguwar Rimi? Su ba rashin aiki ba ne, kuma nasu ya fi tsada. Har ais, wato meth, ya fara shigowa cikinsu, wanda ke hana barci kwana da kwanaki ya bar mutum ƙashi da fata.

Dan_Kawo:
A kashe dillalai kawai a huta. Ba Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ba a 2024?

Abu_Sumayya:
Ta amince a watan Mayu, amma da aka daidaita da ta Wakilai sai aka tsaya a ɗaurin rai-da-rai. Kuma wanda ake kamawa a layi ɗan aike ne, mai kwantena ba ya zama a kango.

Maman_Sadiq:
Don Allah a sa masu sikila a wannan magana. Ƙanwata allurar fenta, wato pentazocine mai kashe zafi, aka fara yi mata a kan ciwon ƙashi na gaskiya. Sannu a hankali ta koyi yi wa kanta. Yanzu cinyoyinta sun taurare, ga gyambon da ya ƙi warkewa, ƙafar ba ta lanƙwasuwa sosai. Ita ma Baban Walid zai ce iskanci ne? Kuma abin haushi, yanzu ko ciwon gaske ya tashi, wasu ma'aikatan kallon 'yar ƙwaya suke yi mata.

Baban_Walid:
Subhanallah. A'a Hajiya, wannan daban. Allah ya ba ta lafiya. Ni samarin da ke tare hanya da wuƙa suna ƙwace waya nake nufi, kuma a kansu ban sauka ba.

Admin_Zaure:
Jama'a an yi nisa. Malam Sakatare tambaya ya yi a kan yara huɗu da kuɗin da bai isa ba. A dawo kai.

Nas_Hauwa:
To a taƙaice. Ba duk wanda aka kai Barnawa ake kwantarwa ba. Asibitin na tarayya ne, yana da sashen masu shaye-shaye, kuma ana ganin likita a koma gida a riƙa zuwa. Ku kai su duka a duba, likita ya faɗi wanda ke buƙatar gado. Ina kyautata zaton na ukun ne zai fi buƙata. Ku kuma leƙa hukumar jiha mai kula da shaye-shaye, wadda a da aka sani da KADBUSA, yanzu KADSAMHSA, aikinta ke nan, sannan ofishin NDLEA ma yana da sashen ba da shawara, ba kamu kawai suke yi ba.

Ƙaramin kada a raina nasa don sholisho ya fi arha. Sinadarin da ke ciki yana cin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma yana iya rikita bugun zuciya yaro ya faɗi nan take, musamman in an firgita shi ko an biyo shi da gudu yana cikin shaƙa. Don haka 'yan sintirinku su daina korar sa. A bincika ma ko yana cin abinci, da yawa yunwa suke kashewa da shi.

Wani abu kuma ga kowa: in kuka tarar da mai ƙwaya ya yi barcin da ba ya tashi, yana wani irin minshari, numfashi sama-sama, leɓe ya sauya launi, kada a ɗura masa madara ko manja, shaƙe shi za su yi. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti mafi kusa, ku da ke Tudun Wada ga Yusuf Ɗantsoho nan. A faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha. Dangin tiramol da kodin suna da allurar da ke karya su, naloxone, amma sai an san abin da ake yaƙa.

Sakataren_Layi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa shugaban kwamiti wasu daga ciki. Mahaifin na ukun ya yarda, gobe da safe za mu tafi da shi. Iyayen manyan biyun har yanzu suna kan bakansu, ɗaya ma ya ce in an matsa zai cire hannunsa ya kai nasa inda ya ga dama. Matsalar kuma su yaran ba wanda ya tambaye su.

Na_Dawo_Hanya:
Ku tambaye su, amma ba a gaban taro ba, kuma ba da yamma ba. Da safe kafin su fita nema. In kuna so zan zo, ka yi mini magana ta gefe.

Baban_Walid:
In sun ce ba sa so fa? Sai a zuba musu ido suna kwashe tukwanen mutane?

UmmuKhalifa:
Sata daban, wannan akwai hukuma.

Baban_Walid:
Hukumar da za a kai yaro da safe a gan shi a layi da yamma?

Tsohon_Masaka:
Malam Sakatare, wanda ke sayar musu a layinku kun san shi ko ba ku sani ba?

Sakataren_Layi:
Mun san shi Baba. Mahaifinsa na cikin kwamiti, ya ma ba da nasa karo-karon.

Yar_Malali:
To ranar Juma'ar wa zai faɗa a gabansa?